An Goge Wannan Saƙon

Da hannu ɗaya Auta take danna waya, ɗaya hannun yana tallafe da ƙeyar yaron da ke shan nono a ƙarƙashin mayafinta. A kan dogon bencin asibitin yara take zaune, a layin allurar rigakafi, ta maƙale katinta tsakanin gwiwoyi don ba ta da hannun riƙe shi. Fankar sama tana juyawa kamar an yi mata dole. Daga ɗakin da ke ƙarshen baranda, jim kaɗan sai a ji wani jariri ya tsala ihu, uwar ta fito tana jijjiga shi tana ba shi haƙuri, layin ya ɗan matsa.

Uwar Tagwaye ce ta zuga ta. Tare suka yi awon ciki a wannan asibitin, mace ce mai jiki mai baki, ga ta yau da ɗaya a baya ɗaya a cinya, amma bakin nan ko gezau. Auta ce ta yi suɓutar baki ta gaya mata cewa rabonta da karanta shafi guda tun kafin ta haihu, kuma abin ya fi rashin barci damunta. Ita da take koya wa yara karatu a firamare, yanzu in ba rubutun jikin kwalbar maganin zazzaɓi ba, babu abin da idonta yake bi. Maigidan yana fita da sassafe, sai yamma lis. Gwaggonsa da ta zo taya ta zama ta koma gidanta. Daga ita sai yaro a hawa na uku, har ta fara kama kanta tana ba tukunya labari. Uwar Tagwaye ta ce to me take jira, ta tara su mana a waya, a zaɓi littafi ɗaya, kowa ta karanta abin da ya sawwaƙa tsakanin wanki da shayarwa, a riƙa hira a kai. Ita dai ta yi alkawarin shiga, ko da ba za ta wuce bangon littafin ba.

Abin da Auta ba ta faɗa ba shi ne, shawarar nan ba baƙuwa ba ce a kunnenta. Doguwa ce ta fara kawo ta, a kan irin wannan bencin, lokacin da su biyun suke fama da tsohon ciki. Doguwa kuwa aminiyarta ce tun makarantar kwana. Littafi ɗaya suke karantawa a kan gado ɗaya, kai da kai, Doguwa ta riga ta kai ƙarshen shafi ta zauna tana karkaɗa ƙafa tana kiranta sarkin nawa. Aure bai raba su ba, aiki bai raba su ba, har cikin ma kusan tare suka ɗauka, ana ta tsokanarsu wai shawara suka yi. Doguwa ce ta riga sauka. Ta haifi mace, yarinyar ta yi kwana biyu a duniya ta koma.

Auta ba ta je ba. 'Yan uwa suka taru a kanta, wannan ta ce jininta ya hau, waccan ta ce ina za ta kai wa mai makoki wannan ƙaton ciki ta ƙara tayar mata da hankali. Ta bi maganarsu, ta kira a waya, Doguwa ta ce ta gode. Da Auta ma ta sauka, saƙon Doguwa ya shigo: barka, Allah ya raya. Daga nan sai shiru. In yaron ya yi wani abin dariya, hannun Auta yakan kai kan waya kafin ta tuna. Ta sha fara rubutu ta fasa, don duk abin da za ta faɗa da yaro a cikinsa. Kewar Doguwa take yi ba kaɗan ba, kuma ba ta san ta inda za ta koma ba.

To, ta shiga tsohon guruf ɗin 'yan awo, wanda ya mutu murus tun da kowa ta haihu, ta bi sunayen da babban yatsa tana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Yaro yana tauna ta da dasashi, nas tana kiran suna, wata tana roƙon a matsa mata. Ta sa wa sabon guruf ɗin suna Masu Jego Masu Karatu. Littafin ma yana tare da ita, a jakar famfas, inda ya daɗe yana yawo ba a buɗe shi ba. Labarin wata mata ce mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, wadda ba ta taɓa shiga jirgin ba. Uwar Tagwaye ta danne mata shafukan babin farko a kan benci, ita kuma ta ɗauki hotonsu ta tura, ta rubuta cewa ba gaggawa, ko layi biyu mace ta karanta an gode mata.

Ai kuwa kamar jira suke yi. Sai dai babu wadda ta ko kalli mai tikiti. Tela ce ta fara turo hoton 'yarta cikin wata riga mai fuka-fukai da ta ɗinka mata da kanta. 'Yar Banki ta turo nata yana hamma, Mai Kanti ta turo nata tsirara a cikin baho yana harara. Uwar Tagwaye da ke zaune a gefenta ma ba a bar ta a baya ba, ta jero hotuna har sai da aka roƙe ta ta bari haka. Wannan ta ce tubarkalla kumatu, waccan ta tambayi me ake yi wa kumburin ciki. Auta tana ta murmushi ita kaɗai. Ashe duk haka suke, kowa a ƙulle a ɗakinta tana jiran a ƙwanƙwasa.

Ta shiga jerin mutanen don ta ga ko ta manta da wata. Can ƙasa ta ga hoton ƙofar wani shago mai shuɗin fenti, hoton da ta sani kamar tafin hannunta. Doguwa. Ta koma kan saƙonta na farko ta duba waɗanda suka gani, ga sunan nan a ciki.

Ta ce a hankali, "Na shiga uku. Na sa Doguwa."

Uwar Tagwaye ta leƙa wayar. Sannan ta ce ta cire ta maza kafin abin ya yi nisa. Auta ta ɗora yatsa a wurin cirewar, ta kasa. In ta danna, rubutawa za a yi ɓaro-ɓaro a gaban kowa cewa ita Auta ta cire Doguwa. Ita za ta kori Doguwa daga wurin karatu, Doguwar da ta kawo shawarar tun farko? In kuma ta bar ta, ga kumatu nan suna ta shigowa. Tana cikin haka nas ta kira ta.

Aka ɗora yaron a sikeli, aka ce ya ƙaru. Aka tsira masa allura a cinya, ya yi shiru na daƙiƙa guda kamar bai yarda da abin da aka yi masa ba, sannan ya buɗe baki gaba ɗaya. Nas tana gaya mata ranar dawowa da abin da za ta yi in jikinsa ya yi zafi, Auta tana cewa to, to, ba abin da ya zauna mata. Ta fito ta raɓe a jikin taga tana jijjiga shi.

Wallahi da ta tsaya ta sha ko ruwa ne, da ba ta yi abin da ta yi ba. Amma macen da ba ta ƙoshi da barci ba, ga tsoro ga tausayi, ba ta tsayawa shawara. Ta bi matan nan ɗaya-ɗaya ta bayan fage, ta rubuta musu cewa Doguwa tana ciki bisa kuskure, don Allah kowa ta goge hoton da ta turo, kuma kada a sake maganar yara, littafi kawai. Su kuwa mutanen kirki ne, duk sun san abin da ya sami Doguwa, duk sun yi mata kuka a lokacin. Nan da nan suka bi umarni. 'Yar riga mai fuka-fukai ta ɓace. Mai hamma ya ɓace, na cikin baho ya bi shi, tagwaye suka tafi a jere. Da Auta ta koma guruf ɗin don ta ga ko an yi, sai ta tarar da abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba. Hotunan sun tafi, amma gurbinsu bai tafi ba. Daga sama har ƙasa layi ne iri ɗaya, toka-toka, wani a ƙarƙashin wani: an goge wannan saƙon, an goge wannan saƙon, an goge wannan saƙon.

Sai kuma aka shiga gyara, gyaran da gara ba a yi ba. 'Yar Banki ta rubuta cewa lallai littafin nan da alama akwai darasi. Tela ta tambaya ko mai tikitin tana yin aure a ƙarshe. Uwar Tagwaye, baiwar Allah, ta ga abin ya yi sanyi, ta ja gefe a baranda ta ɗauki saƙon murya tana yabon marubucin da ko sunansa ba ta duba ba. Tana tsaka da magana na bayanta ya callara kuka, sai aka ji ta ce, "Au, ku yi haƙuri, rediyo ne." Ta tura kafin ta yi tunani, sannan shi ma ta goge.

Wayar ta yi ƙara a hannun Auta. Doguwa ce, ba a guruf ba, ita kaɗai ta turo wa, kuma ita ce magana ta farko tun barka.

"Ke kika ce su goge?"

Ta karanta ya fi a ƙirga. Ta fara rubuta amsa ta ga babu amsar da za ta shiga waya. Ta juya yaron baya ta ɗaure, ta rataya jaka. Uwar Tagwaye ta gane inda za ta, ta ce ta bar mata shi mana, uku ba za su fi biyu hayaniya ba. Auta ta so ƙwarai, har ta kai hannu kan kullin zanen. Amma yaro ya sha allura, jikinsa ya fara ɗumi, in ya farka nono zai nema. Ta yi godiya ta fita da abinta.

Bas ɗin a cike yake maƙil. Wani dattijo ya tashi ya ba ta wuri, ta zauna a bakin kujera don kada ta danne yaron. Matar da ke bayanta ta kama 'yar ƙafarsa da ta leƙo tana wasa da ita, ta ce Allah ya raya, namiji ne ko mace. Kwandasta ma da ya zo karɓar kuɗi sai da ya ce a gaida maigida ƙarami. Kullum irin wannan yana faranta mata rai, yau kuwa ji ta yi kamar ta ɗauko ganga a baya, kowa sai ya ji shigowarta. Suka wuce ƙarƙashin gada, inda mai tsofaffin littattafai yake shimfiɗa hajarsa a kan buhu. Nan su biyu suke tsugunawa ranar da aka yi albashi, Doguwa tana ciniki kamar za a yi dambe, ita tana jan hannunta don kunya. Yana nan yadda yake, da hularsa da 'yar kujerarsa, wasu 'yan mata biyu a tsugune a gabansa. Auta ta kau da kai. Ta shirya maganar da za ta faɗa, ta rushe, ta sake shiryawa, har aka zo inda za ta sauka ba ta da ko jimla ɗaya tsayayya.

Shagon Doguwa yana daura da ƙofar kwaleji, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da lemo. Hoton takardu take yi, da buga su, da ɗinke wa ɗalibai ayyukansu na ƙarshen shekara. Auta ta tsaya a tsallaken titi har motoci suka yanke suka sake haɗuwa. Kafin ta tsallaka ta ware mayafinta ta lulluɓe yaron ruf, ta cusa ƙafafunsa ciki, ta gyara ta sake gyarawa.

Ciki da zafi, ga warin tawada da na takarda mai ɗumi. Kwalayen takardu a jibge har kusa da silin, babban injin yana ta tofo shafuka, kacaf, kacaf. Doguwa tana tsaye a bayan kanta tana huda gefen wani ƙunshin takardu, wani ɗalibi yana jiranta. Ta rame, wuyan nan ya ƙara tsawo, rigar da Auta ta san ta cika ta yanzu tana lilo a kafaɗa. Ta ɗago ta gan ta. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi murmushi ba, ta amsa sallama ta nuna mata wani ɗan benci da haɓa. Ta gama hudar, ta zura zoben roba, ta ɗora bango, ta buga gefen a kan kanta ya daidaita, ta sallami ɗalibin. Duk wannan ba ta yi sauri ba.

Sannan ta dubi tudun da ke bayan Auta.

"Buɗe masa fuska, zai shaƙe. Ko shi ma goge shi za ki yi?"

Auta ta janye mayafin. Kan yaron ya fito jiƙe da gumi, yana barcinsa baki buɗe. Sai magana ta ɓalle mata ba kai ba gindi. Ta ce layi ne, ga yaro a nono, ga nas tana kira, da hannu ɗaya take dannawa, ba ta duba ba, wallahi tallahi kuskure ne, da ta lura ko kusa ba za ta sa ta ba.

Doguwa ta bar ta har ta kai aya. Ta ɗauki tsumma ta goge kantar da ba ta da datti.

"Kuskure ne ashe," in ji ta. "Ni na ɗauka da gangan kika sa ni. Har na ji daɗi."

Da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Tun daga asibiti take tattalin wannan kalma ta kuskure, ita ce kaɗai abin da ta riƙo a hannu, ashe ita ce mafi muni a cikin duk abin da ta yi yau.

Doguwa ta ci gaba, ba da faɗa ba, muryarta a kwance, idonta a kan injin. Ta ce da wayar ta yi ƙara ta ga sunan guruf ɗin, sai da ta zauna. Ta ce a ranta, Auta ba ta manta ba. Hotunan da suka fara shigowa kuwa ba za ta yi ƙarya ba, sun soke ta, sai da ta shiga bayan kwalaye ta fito. Amma ta dawo ta buɗe su. Ai yaran nan ta san su tun suna ciki, benci ɗaya aka zauna wata da watanni, ta san wanda ya hana uwarsa cin abinci, ta san wanda ya kwanta a gicciye aka yi ta addu'a ya juya. Tana cikin buɗa hoton 'yar Tela da yatsu biyu don ta ga ɗinkin wuyan rigar, hoton ya ɓace a hannunta. Ta koma na gaba, shi ma ya ɓace. Tana zaune tana kallo suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ta san kuma saboda ita ne.

Ta ce haka aka yi mata a gida. Kafin a sallamo ta daga asibiti yayyenta sun kwance ɗan gadon, sun kwashe kayan da ta wanke ta goge ta jera, ko safa ɗaya ba su bari ba, wai kada ta gani. Maigidanta mutumin kirki ne, amma in tallar madarar yara ta zo a talabijin sai ya yi wuf ya canza tasha. Maƙwabciyarta in ta hango ta sai ta tura ɗanta ɗaki. Kowa haƙuri yake ba ta, safe da yamma, har ta rasa inda za ta zuba shi.

"Ni ma fa haihuwa na yi, Auta. Naƙuda na yi kamar kowa. Nono ya zo mini, sai da na ɗaure ƙirji. In ba mai jego ba ce ni, to mece ce?"

Auta tana kuka sosai yanzu, mara sauti, tana share hanci da bakin mayafi. Ta roƙi Doguwa ta yafe mata. Ba na yau kaɗai ba, har da rashin zuwanta, har da shirun. Ta ce kullum da ita take kwana take tashi, tsoro ne ya hana ta, ba ta san yadda za ta shigo da yaro a baya ba. Doguwa ta ce ga shi kuwa ta shigo, rufin shagon bai faɗo ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta yago takarda mai laushi ta miƙa mata.

Can Doguwa ta ce, wai ƙaton yatsan wace ce ya rufe layin ƙarshe na shafi na uku. Auta ta ɗago da jajayen idanu ta ce na Uwar Tagwaye ne. Doguwa ta ce ta ayyana, mai rediyo. Dariya ta kuɓuce wa Auta a tsakiyar kuka, ita ma Doguwa gefen bakinta ya motsa. Ashe ta karanta babin tas tsakanin masu zuwa hoton takardu, kuma ta rantse duk guruf ɗin ita kaɗai ce ta karanta, har da mai kafa shi. Auta ba ta musa ba. Doguwa ta miƙo hannu, ita kuma ta tono littafin daga ƙarƙashin famfas, gefensa ya sha man shafawa. Doguwa ta juya shi, ta yi tsaki a kan yadda aka wulaƙanta shi, ta buɗe shafi na uku ta karanta layin da aka rufe mata.

Ta ce su da suke da hannu ɗaya ba za su taɓa gama shi ba, ko shekara za a ba su. Abin da ya kamata shi ne wata ta riƙa karantawa da murya tana turawa, su saurara suna shayarwa. Ta dubi hannuwanta biyu a kan bangon littafin, ba ta ƙarasa ba.

"Za ki zauna a ciki ke nan?" in ji Auta.

"Ban sani ba tukuna."

Yaron ya motsa, ya tuna da cinyarsa, ya fasa kuka. Auta ta miƙe a rikice tana cewa bari ta fita da shi waje. Doguwa ta ce wane waje, a rana? Ta jawo kujerarta mai taushi daga bayan kanta ta tura mata, ta juya mata 'yar fankar tebur. Auta ta sauko da shi ta sa shi a nono. Kukan ya koma ajiyar zuciya, ya koma haɗiya, ɗan hannunsa yana buɗewa yana rufewa a kan rigarta. Doguwa ta jingina da kanta tana kallo, ba ta ɓoye kallon ba. Ta ce goshin babansa ne, ba ko tambaya. Auta ta lura da yadda ta naɗe hannu a ƙirji ta danne.

Da ya ƙoshi, ta ɗago shi ta ɗan miƙa mata. Doguwa ta kalle shi har Auta ta fara jin nauyinsa a hannu, sannan ta girgiza kai.

"Ba yau ba."

Auta ta mai da shi kafaɗa tana shafa bayansa. Ta ga kamar iyakar abin da za ta samu ke nan, kujera da fanka, sai kuma a yi sallama a koma gidan jiya. Tana shafa bayan yaron tana tunanin maganar goshin. Tun da ta haihu babu wanda ya shigo ɗakinta bai faɗi wanda yaron ya ɗebo ba, har gardama ake yi. Ta san Mai Kanti a mota naƙuda ta kama ta, ta san 'Yar Banki aiki aka yi mata, ta san wanne ne ya riga fitowa a cikin tagwaye. Duk ta san waɗannan, na matan da ta haɗu da su a benci. Amma yarinyar Doguwa, wadda ta sha ɗora hannu ta ji motsinta, ba ta san komai a kanta ba, sai cewa ta zo ta koma. Kunya ta kama ta, da wata irin kewa ta yarinyar da ba ta taɓa gani ba. Tana tsoron tambayar, amma ta yi ta.

"Doguwa, ita da wa ta yi kama?"

Doguwa ba ta motsa ba. Injin yana ta kacaf, kacaf, takardun wani suna taruwa. Har Auta ta fara cewa a ranta ta sake ɓarowa. Sai ta ga ta miƙa dogon hannun nan ta kashe injin a tsakiyar aiki, shagon ya yi tsit. Ta zagayo daga bayan kanta, ta jawo kwalin takardu ta zauna a kai, gwiwarta tana taɓa ta Auta.

"Kunnuwan babanta ta kwaso, baiwar Allah," in ji ta, fuskar ta saki. "Amma ƙafafun nawa ne. Da kin ga tsawonsu, har nas sai da ta yi magana. Ga gashi. Tsaya ma, ba ta nan zan fara ba, bari in ɗauko miki tun daga naƙudar."

Wata ɗaliba ta leƙo da takardu a hannu ta yi sallama. Doguwa ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce mata an tashi, ta dawo gobe.